Yadda ake girka Debian a matsayin uwar garke a ofis ko makaranta a Maradi

Duk ma'aikatar da ke da kwamfuta fiye da uku, ko makaranta ce mai zaman kanta a cikin garin Maradi, ko ɗakin shan magani a Tibiri, ko kantin ɗan kasuwa mai hulɗa da Katsina da Kano, ba ta daɗewa sai ta fara fama da matsala guda: takardu sun watsu a cikin filas da wayoyin ma'aikata, kowa na riƙe da nasa kwafin, kuma ranar da kwamfutar sakatare ta mutu sai aikin shekara ya bi ta. Maganin wannan shi ne uwar garke, wato kwamfuta guda da aka keɓe tana aiki dare da rana, sauran na'urori suna zuwa wurinta su ajiye ko su ɗauka. Girka mata babbar manhaja irin Debian, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, aikin yamma ɗaya ne. Abin da ke raba uwar garken da za ta shekara biyar da wadda za ta tsaya kafin damina shi ne ko an tsara ta da sanin cewa a nan ana ɗauke wuta, zafi na wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, kuma intanet da kuɗi ake sayensa gigabait bayan gigabait. A kan wannan sanin aka gina matakan da ke tafe.

Wace manhaja, kuma a kan wace na'ura

Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da ake ɗora wa uwar garke suna da yawa. Akwai Ubuntu Server na kamfanin Canonical, wanda ke fitar da bugu mai dogon tallafi a watan Afrilu na kowace shekara biyu, akwai Rocky Linux da AlmaLinux da suka maye gurbin CentOS, akwai kuma FreeBSD da ba ya cikin dangin Linux. Na zaɓi Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, shekara biyu bayan Linus Torvalds ya fara Linux a ƙasar Finland, saboda dalilai uku da suka shafe mu kai tsaye. Ba ta da nauyi, don haka tsohuwar na'ura na ɗaukarta. Ba ta yawan canzawa bayan an fitar da bugu, sai gyaran tsaro, don haka ba ta cinye kuɗin intanet. Kuma kowane bugu na samun kulawa ta kusan shekara biyar. Bugu na 13, mai suna trixie, ya fito ne ranar 9 ga Agusta 2025, kuma shi za a nema.

Game da na'ura, ra'ayina ya saɓa wa na masu sayar da kaya: ga ƙaramar ma'aikata, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta fi kwamfutar tebur amfani. Batirinta na riƙe ta idan wuta ta ɗauke, allonta da madannanta na jikinta ranar da ake buƙatarsu, kuma wutar da take sha kaɗan ce, har ƙaramin sola zai iya ciyar da ita. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, akwai na'urori masu yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba alhali lafiyarsu ƙalau, kuma irinsu ne suka dace da wannan aiki. A tabbatar na'urar mai bit 64 ce, domin Debian 13 ba ta fitar da manhajar girkawa ta masu bit 32 ba. RAM na gigabait 4 ya wadatar sosai. Idan akwai kuɗin gyara abu ɗaya kawai, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, domin ya fi sauri kuma ba ya da sassa masu motsi. A haɗa ta da na'urar rarraba intanet ta waya, ba ta Wi-Fi ba. Kafin komai, a buɗe ta a hure ƙurar fanka, a duba ko batirin ya kumbura. Kumburarren batir hatsarin gobara ne, ba a barinsa a jone ko na dare ɗaya.

Sauke hoton girkawa da tantance shi

Daga shafin debian.org kaɗai ake saukewa. Abin da ake saukewa fayil ne guda mai ɗauke da manhajar girkawa, wanda ake kira hoto. Akwai ƙaramin hoto da ake kira netinst, wanda bai kai gigabait ɗaya ba amma yana jawo sauran kaya daga intanet yayin girkawa, akwai kuma hoton DVD na farko mai kusan gigabait huɗu wanda ke girkawa ko babu intanet. Wanda zai girka na'ura ɗaya a cikin gari, netinst ya fi masa araha. Wanda zai tafi Dakoro ko wani ƙauye inda rezo ke zuwa yana komawa, ko mai koyar da ɗalibai da zai girka sau da yawa, gara ya sauke DVD sau ɗaya ya huta.

Saukewar da ta yanke ta ci gaba na iya barin fayil da lahani, kuma lahanin ba zai bayyana ba sai girkawa ta yi nisa. Saboda haka a sauke fayil ɗin SHA256SUMS da ke kusa da hoton, sannan a kwatanta lambar da ke cikinsa da wadda kwamfuta za ta lissafo. A kan Windows umarnin shi ne:

`certutil -hashfile sunan-hoton.iso SHA256`

A kan Linux kuwa `sha256sum sunan-hoton.iso` ne. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, a sake saukewa. Daga nan a rubuta hoton a kan filas mai gigabait 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Idan Rufus ya tambayi salon rubutu, a zaɓi na DD. Duk abin da ke cikin filas ɗin zai goge.

BIOS

A jona filas, a kunna na'ura, a shiga saitunan BIOS, wato saitunan na'urar da ake shiga da danna maɓalli tun kafin babbar manhaja ta tashi: galibi F2 ne a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, sannan jerin zaɓen inda za a tashi yana kan F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Abubuwa biyu ake dubawa a nan waɗanda mutane kan tsallake. Na farko shi ne agogo. Idan kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe na'urar, ƙaramin batirin allon uwa ya mutu, wanda a kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, kuma da agogon da ba daidai ba sabuntawa da amintattun haɗe-haɗe za su riƙa ƙin aiki ba tare da an gane dalili ba. Na biyu shi ne zaɓin da ke sa na'ura ta kunna kanta idan wuta ta dawo, wanda ake samu a sashen wuta da sunaye irin su AC Recovery ko After Power Loss. Idan ba a kunna shi ba, duk ɗaukewar wuta mai tsawo na nufin sai wani ya taso ya danna maɓalli. Wasu na'urorin Dell suna kuma da zaɓin tsayar da cajin batir kafin ya cika, kuma a zafin Maradi wannan na ƙara wa batir kwana.

Girkawa

A zaɓi Install ko Graphical install, tambayoyinsu iri ɗaya ne. Harshe, Faransanci ko Ingilishi, ya danganta da wanda zai kula da na'urar, amma a sani cewa saƙon kuskure na Ingilishi ya fi sauƙin samun amsa idan aka neme shi a intanet. A wajen ƙasa, Nijar ba ta cikin gajeren jerin farko, sai an shiga zaɓin sauran ƙasashe, sannan Afirka, sannan Niger.

Tambayar allon madannai ta cancanci natsuwa fiye da yadda ake ba ta. A kasuwanninmu ana samun na'urori masu tsarin AZERTY na Faransa da masu QWERTY da suka shigo ta Najeriya, kuma idan aka zaɓi tsarin da ba na na'urar ba, kalmar sirrin da aka rubuta ba ita ce aka yi niyya ba, tunda A da Q, da Z da W, suna musayar wuri, kuma a AZERTY lambobi na buƙatar Shift. A dubi layin haruffa na sama a zaɓi abin da ido ya gani. Haka kuma kada a sa haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, a sunan na'ura, ko sunan mai amfani, ko kalmar sirri. Debian na karanta su lafiya a cikin takardu, amma ba kowane allon madannai ke iya fitar da su ba ranar da aka matsu. Sunan na'ura ya zama gajere da ƙananan haruffa, misali garke1.

Za a nemi kalmar sirrin root, wato babban mai iko. A bar wurin fayau, kada a rubuta komai. Idan aka yi haka, Debian na rufe shiga da sunan root, ta ba mai amfani na farko ikon yin ayyukan gudanarwa ta hanyar sudo, kalmar da ake sa wa a gaban umarnin da ke buƙatar babban iko, kuma wannan ya fi tsaro, domin kowane umarni mai hatsari sai an nemi izininsa da gangan. Kalmar sirrin mai amfanin ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ba lambar waya ko sunan ɗa ba.

A rabon faifai, zaɓin da ke amfani da dukan faifan tare da LVM, wani tsarin raba faifai kashi-kashi, ya wadatar, kuma yana ba da damar faɗaɗa ɓangare daga baya. Akwai zaɓin rufe faifai da sirri, kuma ga asibiti ko ofishin da ke riƙe da bayanan mutane yana da daraja idan aka sace na'urar, amma a san farashinsa: duk lokacin da ta mutu ta tashi, za ta tsaya tana jiran mutum ya rubuta kalmar buɗewa. Inda wuta ba ta da tabbas kuma mai kula ba ya kusa, ba na ba da shawararsa ga faifan tsarin. A karanta sunan faifai da girmansa da kyau kafin a amince, don kada a goge filas ɗin da ake girkawa daga gare shi ko wani faifan da aka manta a jone. Ma'ajiyar manhajoji kuwa, deb.debian.org za a zaɓa.

Sai allon zaɓen manhajoji, inda sababbi suka fi yin kuskure. Debian na zuwa da alama a kan muhallin tebur da GNOME, wato fuskar tagogi da hotuna irin ta Windows, kuma dole a cire su, a sa alama a kan biyu kawai: SSH server, mai ba da damar shiga na'urar daga wata kwamfuta, da standard system utilities, waɗanda a Faransanci suke serveur SSH da utilitaires usuels du système. A salon rubutu zalla, wato Install, dogon maɓallin tazara ne ke sa alama ko cire ta. Wanda ya danna Enter yana nufin cirewa, to ya riga ya amince, kuma zai zuba kuɗin intanet a kan tebur mai hotuna da ba ya da aiki a uwar garke sai cin RAM da ƙara zafi. Idan aka tambayi inda za a sa GRUB, ƙaramar manhajar da ke tayar da Debian, a nuna faifan cikin na'ura. A cire filas, a bari ta tashi.

Awa ta farko bayan tashi

Baƙin allo ne zai bayyana yana neman suna da kalmar sirri, kuma ba ya nuna komai yayin rubuta kalmar, wannan ba lalacewa ba ce. Wanda ya girka da DVD ya fara buɗe `/etc/apt/sources.list` da `sudo nano`, ya sa alamar # a farkon layin da ya fara da `deb cdrom`, ya tabbatar akwai layukan deb.debian.org da security.debian.org. Sannan:

`sudo apt update && sudo apt upgrade`

`sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey`

Ga tafi-da-gidanka akwai gyara biyu da ba a wucewa. Da yake rufe murfi na sa ta barci, a buɗe `/etc/systemd/logind.conf` a rubuta `HandleLidSwitch=ignore` ba tare da # a gabansa ba, sannan a hana barcin baki ɗaya:

`sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target`

Duk da haka gara a bar murfin a ɗan buɗe, a ɗaga ƙasanta daga tebur don iska ta ratsa. Gyara na biyu shi ne ta kashe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare, maimakon ta faɗi a tsakiyar rubutu. A girka upower, manhajar da ke lura da batir, a cikin `/etc/UPower/UPower.conf` a sa `CriticalPowerAction=PowerOff`, kuma tunda tsohon batir kan faɗi farat ɗaya, a ɗaga matakan zuwa `PercentageLow=25`, `PercentageCritical=15` da `PercentageAction=10`, sannan `sudo systemctl enable --now upower`. A gwada shi da rana tsaka ta hanyar zare caja a jira a gani. Kada a manta cewa na'urar rarraba intanet ma na buƙatar abin riƙe wuta, in ba haka ba uwar garke na raye amma babu mai isa gare ta.

Adireshin da ba ya canzawa

Umarnin `ip a` na nuna sunan katin sadarwa, irin su enp1s0, da adireshin da aka ba shi, da lambar MAC, wato lambar shaidar katin. Sauran kwamfutoci na buƙatar samun uwar garke a wuri ɗaya kullum. Hanya mafi sauƙi kuma mafi wuyar ɓaci ita ce a shiga shafin na'urar rarraba intanet, wanda a yawancin akwatunan 4G na Huawei yake 192.168.8.1, a ɗaure lambar MAC ɗin da adireshi guda, misali 192.168.8.10. Idan akwatin ba shi da wannan zaɓi, a gyara `/etc/network/interfaces` kamar haka, a kuma zaɓi adireshin da ke wajen waɗanda akwatin ke rabawa da kansa:

`auto enp1s0`
`iface enp1s0 inet static`
`address 192.168.8.10/24`
`gateway 192.168.8.1`

Bayan an sake tayar da na'ura a gwada `ping debian.org`, idan ya gaza alhali `ping 1.1.1.1` na aiki, matsalar ta fassara sunayen shafuka zuwa adireshin lambobi ce, kuma `/etc/resolv.conf` za a duba a tabbatar akwai layin `nameserver 192.168.8.1`. Layin wayar salula galibi yana raba adireshin waje guda tsakanin masu amfani da yawa, don haka ba za a iya isa ga wannan na'ura daga Yamai ko Damagaram kai tsaye ba sai ta ramin sirri irin na WireGuard. Wannan aikin gaba ne.

Shiga daga nesa da katangar tsaro

Daga yanzu ba a buƙatar taɓa na'urar da hannu. A kwamfutar mai kula, ko Windows 10 da 11 ce, a ƙirƙiri makulli da `ssh-keygen -t ed25519`, wanda ke fitar da fayil biyu: na sirri da ba ya barin kwamfutar, da na fili mai ƙarewa da .pub. Daga Linux ana aika na filin da `ssh-copy-id suna@192.168.8.10`, daga Windows kuwa a kwafe layin da ke cikinsa a zuba a `~/.ssh/authorized_keys` na uwar garke. Idan shiga da makulli ta yi aiki, a ƙirƙiri `/etc/ssh/sshd_config.d/tsaro.conf` da layuka biyu, `PasswordAuthentication no` da `PermitRootLogin no`, a tantance da `sudo sshd -t`, sannan `sudo systemctl restart ssh`. Kada a rufe tagar da ake ciki sai an buɗe wata sabuwa an ga ta shiga.

Katangar tsaro ta ufw na toshe duk ƙofar da ba a buɗe da gangan ba. Jerin umarnin na da muhimmanci, domin wanda ya kunna ta kafin ya buɗe ƙofar SSH ya kulle kansa a waje:

`sudo apt install ufw`
`sudo ufw allow from 192.168.8.0/24 to any port 22 proto tcp`
`sudo ufw enable`

Sai a girka unattended-upgrades, a kunna shi da `sudo dpkg-reconfigure -plow unattended-upgrades`, don gyaran tsaro ya riƙa shiga da kansa. Na san akwai masu kashe sabuntawa don tattalin intanet, amma a na'urar da ba ta da tebur waɗannan gyare-gyare ƙanana ne, kuma asarar barinsu ta fi kuɗinsu nesa ba kusa ba.

Aikin farko: folda ta kowa

Abin da yawancin ofisoshi ke nema shi ne wurin ajiya da kwamfutocin Windows za su gani, kuma Samba ce ke yinsa. A girka ta da `sudo apt install samba`, a ƙirƙiri rukuni da folda:

`sudo groupadd maaikata`
`sudo mkdir /srv/rabo`
`sudo chgrp maaikata /srv/rabo && sudo chmod 2770 /srv/rabo`

A ƙarshen `/etc/samba/smb.conf` a ƙara sashe mai taken `[rabo]` da layukan `path = /srv/rabo`, `read only = no`, `valid users = @maaikata`, `create mask = 0660` da `directory mask = 0770`. Kowane ma'aikaci a buɗe masa nasa asusu da `sudo adduser`, a sa shi a rukunin da `sudo usermod -aG maaikata suna`, a ba shi kalmar sirrin Samba da `sudo smbpasswd -a suna`. Asusu ɗaya na kowa da kowa ya fi sauƙi a ranar farko, amma ranar da wani ya bar aiki sai an canza wa kowa. A tantance da `testparm`, a sake tayar da smbd, wato manhajar Samba da ke aiki a bayan fage, a buɗe ƙofa ta 445 a ufw kamar yadda aka buɗe ta 22, sannan a Windows a rubuta `\\192.168.8.10\rabo` a wurin adireshin folda.

Kwafin ajiya da kulawa

Tara takardun ma'aikata a na'ura ɗaya ya ƙara hatsari ne idan babu kwafi, kamar manomin da ya zuba hatsin shekara a rumbu guda a bakin gulbi. A sami faifan waje na USB, a gano lambarsa ta UUID da `sudo blkid`, a rubuta shi a `/etc/fstab` a kan `/mnt/ajiya` tare da zaɓin `nofail`, domin idan babu wannan zaɓi kuma aka cire faifan, na'urar za ta maƙale wajen tashi. A girka rsync, manhajar kwafe fayiloli, sannan a cikin `sudo crontab -e`, inda ake tsara ayyukan da na'ura za ta riƙa yi da kanta a kan lokaci, a sa:

`0 13 * * * mountpoint -q /mnt/ajiya && rsync -a /srv/rabo /etc /mnt/ajiya/`

Wannan na kwafe takardu da saituna kullum da ƙarfe ɗaya na rana, kuma sashen `mountpoint` na hana kwafin cika faifan ciki idan na wajen ba ya nan. Da gangan na bar zaɓin `--delete`, don abin da aka goge bisa kuskure ya ci gaba da zama a ajiya. Faifai biyu ake so ana musanya su kowane mako, ɗaya na kwana a wani gini daban, saboda gobara, ɓarawo da tsawar damina ba sa bambanta na'ura da faifan da ke jikinta.

Sau ɗaya a mako a duba abubuwa huɗu: `df -h` don ganin sauran wuri, `sensors` daga lm-sensors don zafin na'ura, `sudo smartctl -H /dev/sda` daga smartmontools don lafiyar faifai, da `sudo journalctl -p err -b` don kurakuran da aka samu tun tashin ƙarshe. Idan zafi ya fara hawa sama da yadda aka saba gani, musamman bayan hunturu, lokacin hure ƙura ya yi. Sau ɗaya a wata a ɗauko fayil guda daga faifan ajiya a buɗe shi a wata kwamfuta, don a tabbatar kwafin na karantuwa. Adireshin na'urar, sunayen asusu, fayilolin da aka gyara da ranar gyaransu, duk a rubuta su a littafi da alƙalami a ajiye wurin shugaban ma'aikata, kalmar sirrin gudanarwa kuma a cikin ambulan da aka manne, domin matashin da ya girka na iya samun aiki a Yamai a shekara mai zuwa, kuma wanda zai gaje shi daga wannan littafin zai fara.